Taswirar da 'Yan Unguwa Suka Zana: Nazarin Aikin Ramani Huria a Darussalam

Kogin Msimbazi ya taso ne daga tuddan Pugu, ya ratsa tsakiyar Darussalam, birni mafi girma a Tanzaniya, sannan ya faɗa Tekun Indiya. Da rani ba mai yi masa kallon kogi, 'yar ƙorama ce mai jan leda da robobi. Amma da zarar babbar daminarsu ta kankama, tsakanin Maris da Mayu, sai ya cika ya tumbatsa, ya haye titin Morogoro a kwarin Jangwani, ya datse babbar hanyar da ke kai ma'aikata da 'yan kasuwa cikin gari. A watan Disamba na 2011 an tafka ruwan da aka yi shekara fiye da 50 ba a ga irinsa a birnin ba. Gomman mutane suka rasu, dubbai suka rasa matsuguni, gwamnati ta kwashe wasu daga cikinsu zuwa Mabwepande, can bayan gari, nesa da inda suke neman abinci. Ruwan ya sake dawowa a 2014, ya dawo a 2015, ya kuma dawo a 2018.

Sanadin abin ba ɓoyayye ba ne. Ƙidayar 2012 ta ba birnin mutum kusan miliyan 4.4, ta 2022 ta ba shi kusan miliyan 5.4, kuma kimanin kashi 70 cikin 100 na mutanen suna zaune ne a unguwannin da ba hukuma ce ta yanka filayensu ba, irin waɗanda muke ce wa awon igiya. Mai ƙaramin ƙarfi ba ya samun fili sai a fadama, to a can zai kafa gida. A can sama kuma ana sare itatuwa ana gine-gine, ƙasa na zaizayewa, yashi na gangarowa yana cike cikin kogi. Shara ta toshe abin da ya rage. Wannan kam kowa ya san shi a dunƙule. Abin da aka rasa shi ne sani filla-filla: wane gida ruwa ke shiga, ta wace kwata yake biyowa, wace kwalbati ce ta yi masa kaɗan. Taswirorin da ke ofisoshin tsara birni sun tsufa, garin ya yi musu nisa, unguwannin da suka fi shan wuya kuwa kusan fili ne fetal a kan takarda. Wannan giɓi ne aikin Ramani Huria, wato buɗaɗɗiyar taswira da harshen Suwahili, ya zo cikewa.

Ba za a gane labarin ba sai an san yadda mulkin gari yake a can. Lokacin da aka fara aikin, Darussalam na da ƙananan hukumomi uku, Kinondoni da Ilala da Temeke. Daga baya aka ƙara Ubungo da Kigamboni. Kowacce an kasa ta mazaɓa-mazaɓa, kowace mazaɓa da kansilanta da kuma jami'in zartarwa, wanda shi ma'aikacin gwamnati ne. Ƙarƙashin mazaɓa akwai mtaa, unguwa mai zaɓaɓɓen shugaba da ɗan ofishinta. Ƙarƙashin mtaa kuma akwai shina, rukunin gidaje da ke hannun wani da ake kira mjumbe. Shi ne ya fi kusa da mai unguwa a wajenmu: gare shi ake fara kai ƙarar rikicin maƙwabta, shi ke shaidar mutum idan yana neman takarda a ofishin mtaa.

Gwajin Tandale

An fara ne da ɗan ƙaramin gwaji a watan Agusta na 2011, a mazaɓar Tandale da ke Kinondoni, wadda ta yi suna da kasuwar hatsi. Mutum sama da 50,000 ne cunkushe a filin da bai fi murabba'in kilomita ɗaya da 'yan kai ba, ga rafin Ng'ombe na bi ta gefensu. Bankin Duniya da ƙungiyar Twaweza suka tsaya wa aikin, aka gayyato mutanen da suka yi irinsa a unguwar Kibera ta Nairobi a 2009, aka haɗa ɗaliban Jami'ar Ardhi da mazauna Tandale. Rabon aikin mai sauƙi ne. Ɗalibi ya iya na'urar GPS da kwamfuta, ɗan unguwa ya san lungu da saƙo, sai su fita tare. Cikin 'yan makonni famfunan ruwa, da gidajen wanka da bahaya, da shagunan magani, da makarantu, da jujin shara duk suka hau OpenStreetMap, taswirar intanet ɗin nan da kowa ke iya ƙara mata bayani, kowa kuma ke iya ɗiba kyauta.

Zaɓen OpenStreetMap ba ƙaramin al'amari ba ne. Da ma can ana awo a manyan biranen Afirka, sai dai yadda aka saba, kamfani ne zai zo da kwangila, ya auna, ya miƙa rahoto, bayanan su kwanta a kwamfutar wani ofis, aiki na gaba ya zo ya sake biyan kuɗin awon wuri guda. A nan kuwa duk abin da aka tara yana fili. Jami'in mazaɓa, da ɗan jarida, da ma'aikacin agaji, da mai kamfanin kwasar shara, kowa na iya ɗauka ba sai ya rubuta wa wani takardar neman izini ba.

A 2015 aka faɗaɗa gwajin ya zama Ramani Huria, da kuɗin Bankin Duniya da asusun GFDRR na rage haɗarin bala'o'i. Ƙungiyar HOT, mai amfani da OpenStreetMap wajen ayyukan jinƙai, ta riƙe horarwa. Jami'ar Darussalam da ta Ardhi suka ba da ɗalibai sama da 150, waɗanda da ma wajibi ne su fita koyon aiki a fili kafin su gama karatu. Hukumar kimiyya da fasaha ta ƙasa, COSTECH, ta tsaya ta ɓangaren gwamnati, Red Cross ta Tanzaniya ta shigo da 'yan sa-kanta. Aka ware mazaɓu 21 da ruwa ya fi addaba, masu ɗauke da mutum sama da miliyan ɗaya.

Yadda ake shiga mazaɓa

Na'ura ba ita ke fara shiga ba. Taro ake fara kira, da jami'in zartarwa na mazaɓa, da shugabannin mtaa, da waɗanda za su wakilci mazauna, a bayyana abin da ya kawo baƙi da abin da za a yi da bayanan. A unguwar da mutane ba su da takardar fili, baƙo mai riƙe da na'urar awo ba abin maraba ba ne. Ko haraji ya kawo shi ko rusau. In shugaban mtaa bai gabatar da kai ba, ƙofa ba za ta buɗu ba. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Bayan nan sai hoto daga sama. An yi amfani da ƙananan jirage marasa matuƙi, marasa nauyi, waɗanda da hannu ake cilla su, su yi ta shawagi suna ɗaukar ɗaruruwan hotuna, a zo a ɗinke su wuri guda. Hoton ya fi na tauraron ɗan'adam fitowa sarai, ana ganin kowane rufin kwano da siririn lungun da ke tsakanin gida da gida. Ɗalibai su zauna gaban kwamfuta su bi gefen kowane rufi suna zana shi. Sai a buga a takarda, yanki-yanki, a fita da ita. Ɗan unguwa ne zai ce wannan rufin masallaci ne, wancan makarantar yara ce, wannan da kake gani kamar hanya ai kwata ce, da damina ba ta biyuwa. A rubuta da biro, a koma a shigar.

Sashen da ya fi daraja shi ne na tarihin ruwa. Birnin ba shi da isassun na'urorin auna kogi da za su faɗi inda ambaliyar shekarun baya ta tsaya, amma matar da ta kwashe katifunta ta ɗora a kan rufi ba ta manta ba. Da farko mazauna ne ke zagaye wa masu awo iyakar inda ruwa ke kaiwa a kan takarda. Daga baya aka mayar da abin tambayoyi a waya, ana bi gida-gida: ruwa ya taɓa shiga nan? A wace shekara? Ya kai ina? Ba a tambaya da santimita, da jikin mutum ake tambaya, idon sawu ne, ko gwiwa, ko ƙugu, ko ƙirji. Amsar mutum ɗaya na iya zama kuskure ko ƙari, amma idan gida ɗari a jere suka ce ƙugu, na bayansu suka ce gwiwa, layin ruwan ya fito da kansa. A ƙarshe a buga babbar taswira a mayar wa ofishin mazaɓa. A 2016 aka tattara na mazaɓun 21 a kundi guda.

Amfani na farko da aka ci bai ma shafi ambaliya kai-tsaye ba. A watan Agusta na 2015 kwalara ta ɓarke a Darussalam, ta faro daga Kinondoni, a daidai lokacin da ake tsakiyar awo. Masu aikin agaji suka sami abin da ba su da shi a da: takarda mai nuna inda wuraren ɗiban ruwa da bahaya suke a unguwannin da cutar ta fi kamari.

Sai kuma ga ɗaya fuskar. Shugaban ƙasa John Magufuli ya hau mulki a watan Nuwamba na 2015, kuma kafin shekarar ta ƙare gwamnati ta shiga rushe gidajen da ke kwarin Msimbazi, tana kafa hujja da dokar muhalli ta 2004 da ta hana gini a cikin tazarar mita 60 daga bakin kogi. Aka bi gidaje ana shafa musu jan fenti, aka rushe ɗaruruwa, kafin mazauna su garzaya kotu a dakatar. Rusau ɗin aikin gwamnati ne na daban, bai fito daga Ramani Huria ba. Amma duk mai nazarin irin wannan aiki ya kamata ya tsaya a nan ya yi tunani. Takardar da ke cewa "ruwa na cin gidan nan, a kawo ɗauki" ita ce dai ke cewa "gidan nan a hanyar ruwa yake". Mutumin da ya faɗa maka gaskiya cewa ruwa na kai masa ƙirji ya ba ka amana, kuma da zarar bayani ya hau intanet, wanda ya tara shi ba shi da iko a kan wanda zai karanta. Ni a ganina wannan ne ya sa taron farko da shugabannin mtaa ya fi ƙarfin al'adar gaisuwa kawai. A wurin ne ake ɗaukar alkawarin da masu aikin ba su da cikakken ikon cikawa.

Awon kwata

Zango na biyu ya fara a 2017, ƙarƙashin shirin ƙarfafa biranen Tanzaniya da Birtaniya ta ba da kuɗinsa ta hannun Bankin Duniya. Ɗalibai suka kai kusan 300, mazaɓu suka haura 40, aka ajiye na'urorin GPS na hannu aka koma wayoyin Android da manhajar cike fom ta ODK, wadda kyauta ce kuma tana aiki ko babu intanet. Wannan canji ya buɗe wa mazauna ƙofa, don mai waya a unguwa, in an koya masa, shi ma zai iya tattara bayani a layinsu.

A wannan zangon ne aka fuskanci magudanan ruwa gadan-gadan, aikin da ba shi da daɗi ko kaɗan. Hoton sama ba ya wadatarwa, don wata kwatar an rufe ta da sulab, wata ta bi ƙarƙashin shago, wata ciyawa ta lulluɓe. Dole mutum ya bi ta da ƙafa, da tef da sandar awo, yana shaƙar abin da ke ciki. Duk inda siffarta ta canza, sabon yanki ne: faɗin sama nawa, faɗin ƙasa nawa, zurfi nawa, da siminti aka yi ta ko haƙa ce kawai, a buɗe take ko a rufe, in ta toshe mene ne ya toshe ta. A kuma sa alama inda ta faro, inda ta haɗu da wata, inda ta shiga kwalbati, da inda ta zube. A fom ɗin har da gurbin kwatar da ba ta da mafita, wadda ta taho ta taho ta tsaya cik a tsakiyar unguwa, kuma an sami irinsu. Idan an dawo, masu tantancewa su duba ko yankunan sun haɗu da juna. In an ga giɓi, a mayar da mai awo ya sake dubawa.

Wannan tsanani yana da dalili. Injiniyoyin cibiyar Deltares ta ƙasar Holan sun shigo aikin don a iya zuba bayanan cikin kwamfuta a kwaikwayi yadda ruwa zai gudana idan an yi ruwan sama mai yawa kaza. Kwalbati ɗaya in ta ɓace daga lissafi, kwamfuta za ta tara tafki inda babu shi. Sannan ga matsalar tudu da gangare: GPS na waya na iya kuskure da mitoci, alhali bambancin taƙi guda ya isa ya juya akalar ruwa. Kayan safiyo na gaske kuwa tsada gare su. Daga baya matasan suka koma harhaɗa ƙananan na'urorin karɓar saƙon tauraron ɗan'adam masu araha, waɗanda ke ba da awo daidai har zuwa 'yan santimitoci.

Ban da kwata, an yi zama da shugabanni da mazauna a mtaa sama da 200, ana tambayarsu wane abu ne a unguwarsu in ruwa ya ci shi an shiga uku, wanne ne ke cikin haɗari, ina kuma mutane ke gudu su fake. An auna tarin shara gabanin ranar tsaftace duniya ta watan Satumba na 2018. An ɗebo samfurin ƙasa daga sassan birnin don a gane inda yashin da ke cike kogi ke fitowa.

Waye mjumbenka?

Abin da ya fi burge ni a aikin gaba ɗaya bai buƙaci jirgi ba. Yawancin unguwannin nan a lokacin ba su da sunan titi balle lambar gida. Sai a 2022 gwamnati ta yi gangamin raba adireshi gabanin ƙidaya. Idan uwa ta kawo yaro asibiti yana amai da gudawa, magatakarda ya tambayi inda take, abin da zai rubuta bai wuce sunan mazaɓa ko wata tashar mota ba. Mazaɓa mai mutum 50,000 kuwa ba adireshi ba ce. Ba za ka iya tura jami'in lafiya ya nemo gurɓatacciyar rijiya da wannan bayani ba.

Amma akwai abin da kusan kowa ya sani, shi ne sunan mjumbensa. Tsarin ya samo asali ne tun tsakiyar shekarun 1960, zamanin Julius Nyerere, lokacin da jam'iyyar TANU ta kasa jama'a gida goma-goma, kowane rukuni da wakilinsa. Birni ya cika, gida goma ya zama gommai, wani wurin ma fiye da ɗari, amma tsarin bai mutu ba. Abin mamaki shi ne iyakokin nan ba a taɓa zana su ba. Suna cikin kan wajumbe ne kawai (jam'in mjumbe ke nan). Sai masu awo suka riƙa bin kowane mjumbe da waya a hannu, yana gaba suna biye, ya zagaya da su iyakarsa: daga bayan gidan nan, a bi ta lungun can, a tsaya a bakin kwata. Wayar na zana sawunsu. Da haka aka fitar da iyakokin dubban shina.

An gwada amfani da su a asibitin Amana da ke Ilala, inda aka shigar da jerin mazaɓu da mtaa da sunayen wajumbe cikin tsarin rajistar marasa lafiya. Magatakarda ya ƙara tambaya ɗaya tak, amsarta kuma ta rage faɗin wurin nema daga mazaɓa sukutum zuwa 'yan layuka. In yara biyar suka zo da cuta iri ɗaya daga shina guda cikin mako, an san inda za a dosa.

Sai dai abin na da ƙaya. Tun da Tanzaniya ta koma tsarin jam'iyyu da yawa a 1992, muƙamin mjumbe ya kasance a tsaka-tsaki: aikin hukuma yake yi a zahiri, amma jijiyarsa na cikin jam'iyyar CCM mai mulki. Wanda ke adawa ba lallai ya so a rubuta shi ƙarƙashin wakilin jam'iyyar da ba tasa ba. Mjumbe na mutuwa, ana sauya shi, sunan da ke cikin kwamfutar asibiti ya zama tsohon zance in ba mai sabuntawa. Ɗan haya da ya tare jiya bai san kowa ba. Kuma taswirar da ke nuna wa likita inda cuta take, tana iya nuna wa mai neman wani mutum ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Duk da haka, in aka auna abin da aka kashe da abin da aka samu, ban ga wani sashe na aikin da ya kama ƙafar wannan ba.

Inda taswira ke tsayawa

Shugaban mtaa da ya sami taswira zai iya abubuwa da dama da ita. Zai san inda zai tura matasa ranar tsaftar gari, zai iya nuna wa injiniyan ƙaramar hukuma daidai kwalbatin da ke mayar da ruwa cikin gidaje, maimakon ya ce "unguwarmu na cikin matsala". An ma ƙirƙiro wata manhaja, Twaa Mtaro, inda mutum zai ɗauki nauyin kula da wani yanki na kwata, ya riƙa aika saƙo ko tana a share ko ta toshe.

To amma saƙon "ta toshe" yana buƙatar wanda zai karɓa, da mota, da mai, da wurin zubar da abin da aka kwaso. In an yashe kwata aka tara dattin a bakinta, ruwan farko zai mayar da shi. Faɗaɗa kwalbati kuwa ya fi ƙarfin shebur. A nan ne tsarin mulki ya yi wa aikin dabaibayi. A 2016 gwamnatin tsakiya ta karɓe tattara harajin gidaje daga ƙananan hukumomi ta miƙa wa hukumar haraji ta ƙasa. A 2017 aka kafa TARURA, hukumar da ta karɓi kula da titunan cikin gari da na karkara, kuma magudanan da ke gefen titi tare da titi suke tafiya. Wato a daidai shekarun da ake cika ofisoshin mazaɓa da bayani, kuɗi da ikon yanke shawara suna ƙaura zuwa sama. Wanda ya fi kowa sanin inda ruwa ke shiga shi ne ya fi kowa ƙarancin abin kashewa.

Iskar siyasa ma ta juya. A 2017 Tanzaniya ta fice daga ƙawancen ƙasashe masu alkawarin gudanar da gwamnati a buɗe. A 2018 aka yi wa dokar ƙididdiga gyaran da ya mayar da ƙalubalantar alƙaluman hukuma laifi, kafin a janye wannan sashe a 2019. Aikin da jigonsa shi ne kowa ya tara bayani kowa ya gani ya ci gaba a cikin wannan yanayi, kuma ina ganin abin da ya taimake shi shi ne bai taɓa tsayawa a matsayin mai ƙure gwamnati ba. Da jami'anta aka yi shi, a ofisoshinta ake rataye sakamakon.

Akwai kuma batun tsufa. Garin da ke ƙaruwa da mutum kusan 100,000 duk shekara, taswirarsa ba ta daɗewa tana faɗin gaskiya. Awon ma ba kyauta aka yi shi ba, ko da ana yawan kiransa aikin sa-kai. Akwai alawus na ɗalibai, da kuɗin mota, da albashin masu duba aiki, duk daga aljihun masu ba da tallafi. Amsar da aka samu ita ce mutane. A 2017 wasu daga cikin matasan da aikin ya horar suka kafa ƙungiyarsu ta cikin gida, OpenMap Development Tanzania, suka ci gaba da karɓar ayyukan awo da kansu. Aka kuma shigar da darussan cikin jami'o'in ƙasar huɗu tare da haɗin gwiwar Jami'ar Turku ta Finlan. Salon ya ƙetara iyaka: daga 2018 shirin Open Cities Africa ya kai irinsa birane da dama, ciki har da Ngaundare a Kamaru da Akara a Gana, inda unguwar Nima, mai ɗimbin masu jin Hausa, ta shiga cikin waɗanda aka auna.

Shi kuwa kogin Msimbazi, a 2018 aka yi watanni ana zaman tsara makomarsa, da ma'aikatu, da ƙananan hukumomi, da masana, da shugabannin mtaa, da wakilan mazauna kwarin. Ambaliyar watan Afrilu ta sauka ana tsakiyar zaman. Wani binciken Bankin Duniya da ya fito a 2019 ya ƙiyasta cewa aƙalla kashi 39 cikin 100 na mutanen birnin ambaliya ta taɓa shafa, kuma gidajen da ta 2018 ta afka wa sun yi asarar abin da ya kai kimanin kashi 23 cikin 100 na samunsu na shekara. Bayanan tarihin ruwa da aka tara suna cikin abin da aka dogara da shi wajen lissafin. A watan Satumba na 2022 Bankin ya amince da dala miliyan 200 don aikin kwarin: faɗaɗa hanyar ruwa, sabuwar gada mai tsayi a Jangwani, ɗauke garejin manyan motocin safa na birnin da aka gina a tsakiyar fadamar, da mayar da wani sashe wurin shaƙatawa.

Kada a yi saurin cewa taswirar talakawa ce ta tilasta wa gwamnati. Bankin da ya biya kuɗin awon shi ne ya shirya zaman, shi ne kuma ya ba da rancen, ta hannun gwamnatin tsakiya. Abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne, da aka zo zaman, mutanen kwarin ba su zo a matsayin fili fetal ba. Gidajensu na kan takardar da injiniya ke dubawa. Tsakanin gwajin Tandale da amincewa da kuɗin, shekara 11 ce.

Aikin kuma ya ƙunshi tashin waɗanda ke zaune a wuraren da suka fi haɗari, wannan karon da diyya. A nan taswirar ta kai iyakarta, don rufi ta ƙirga. Gidan da aka fi sani a unguwannin Darussalam dogon zaure ne a tsakiya da ɗakuna a jere hagu da dama, sau da yawa kowane ɗaki da iyalin da ke haya a ciki, mai gidan ma wataƙila yana wata unguwa. Ƙa'idar Bankin Duniya ta ce duk wanda aiki zai tasa sai an lissafa shi, ko da takardar fili ko babu, ko mai gida ne ko ɗan haya. Don haka kafin a biya kowa sai an sake bi ƙofa-ƙofa, a rubuta waye ke kwana a wane ɗaki, tun yaushe, kuma da me yake ci.